Haske da Caji a Ruwan Argon da Zinon: Tarihin Na'urar Farautar Abin da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1785 wani masani ɗan Ingila mai suna Henry Cavendish ya tsare iska a cikin bututun gilashi yana ta aika mata tartsatsin lantarki. So yake ya ga ko duk naitirojin da ke cikin iskar da muke shaƙa zai haɗu da oksijin ya ƙare. Ya kuwa kusa ƙarewa, sai wani ɗan kumfa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda Cavendish ya ƙiyasta bai wuce kashi ɗaya cikin 120 na naitirojin ɗin ba. Ya rubuta abin da ya gani, ya shiga wani aikin.

An haura shekara ɗari kafin a waiwayi maganar. A 1892 Lord Rayleigh ya lura cewa naitirojin da aka tace daga iska ya fi wanda aka samo daga sinadarai nauyi da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Shi da William Ramsay na Landan suka bi diddigin wannan ɗan bambanci, a 1894 suka sanar da gano argon, iskar gas da ta kusa kai kashi ɗaya cikin ɗari na iskar duniya, wadda masu walda suka sani a yau. A 1898, bayan an ƙware wajen sanyaya iska har ta koma ruwa, Ramsay da Morris Travers suka tace ruwan iskar suka fito da kiriftan da niyon da zinon cikin 'yan makonni. Zinon ne mafi ƙaranci a cikinsu, kashi 87 kacal cikin biliyan na iska, abin da ya sa har yau yake da ɗan karen tsada. Rayleigh da Ramsay kowa ya karɓi kyautar Nobel a 1904.

Halin da ya haɗa waɗannan nau'o'in gas shi ne ƙin cuɗanya. Jerin ilektiron na waje a ƙwayar zarrarsu cike yake, ba ta neman ƙari, ba ta kuma son bayarwa. A wancan zamani an ɗauki wannan a matsayin rashin amfani. Amma ma'anarsa ita ce, duk ilektiron da aka fizge daga wata ƙwaya a cikin irin wannan gas zai iya yin doguwar tafiya ba wanda ya cafke shi a hanya, kuma a kan wannan hali aka gina duk abin da ya biyo baya.

Hanyoyi biyu, 1896 zuwa 1948

A daidai waɗannan shekaru wani fagen ya buɗe. A 1896 Henri Becquerel ya gano a Faransa cewa yuraniyam yana fitar da wani abu marar ganuwa da kansa, abin da ake kira radiyeshin. Marie da Pierre Curie sun auna shi ne ta cajin da yake haifarwa: in ya ratsa iska yakan fizge ilektiron daga ƙwayoyin zarra, sai iskar ta fara ɗaukar lantarki kaɗan-kaɗan. Daga wannan hanya ta caji ne na'urar ƙirge ta Rutherford da Hans Geiger ta fito a 1908, sannan bututun Geiger da Müller a 1928.

Hanya ta biyu ta haske ce. Ana cewa William Crookes garin aiki ne ya zubar da ɗan gishirin radiyam a kan wani allo mai shafen sinadarin zink, da ya sa madubin ƙara girma don ya tsince shi sai ya ga walƙiya ɗai-ɗai tana tashi. Wannan labari ne da ake bayarwa. Abin da ke rubuce shi ne a 1903 ya ƙera 'yar na'urar kallon wannan walƙiya. Da irin wannan allo ne Geiger da Ernest Marsden suka zauna cikin ɗaki mai duhu a Mancesta a 1909 suna ƙirga walƙiya da ido, har Rutherford ya fahimci a 1911 cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra a wata 'yar cibiya yake. Sai dai ido na gajiya, yana kuma kuskure, don haka hanyar haske ta ja baya har aka sami kwalbar ruɓanya haske, wadda ke mayar da ɗigon haske guda ya zama bugun lantarki mai aunuwa. A 1948 Robert Hofstadter ya haɗa ta da ƙanƙarar gishirin sodiyam-ayodaid, hanyar ta farfaɗo.

Kowace hanya da mutanenta da kayan aikinta. Mai ƙirga caji yana amfani da gas, wanda ba shi da kauri, har radiyeshin mai ƙarfi irin gama ya ratsa shi ya fice bai bar sawu ba. Mai ƙirga haske yana da abu mai kauri, amma ba ya iya faɗin takamaiman wurin da abin ya faru a ciki. Abin da ake bukata shi ne abu mai kauri da ilektiron zai iya tafiya a cikinsa.

A wannan shekara ta 1948 aka sami amsar farko. G. W. Hutchinson a Ingila, da Norman Davidson da A. E. Larsh a Amurka, kowa a nasa ɗakin gwaji, sun nuna cewa in radiyeshin ya ratsa ruwan argon ana iya jawo ilektiron ɗin da ya saki a ga bugunsu. Argon yana zama ruwa a awo 186 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, kuma lita ɗaya tasa ta kai kilo 1.4. Zinon yana zama ruwa a kusan awo 108 ƙasa da sifiri, lita ɗaya kuwa ta kusa kilo 3. Tun a lokacin aka gane inda gizo ke saƙa: ɗan oksijin kaɗan a cikin ruwan ya isa ya haɗiye ilektiron ɗin kafin su isa inda ake jiransu.

Tukunyar da ta ƙi yin kumfa, 1956

Akwai wani gwaji da na ga ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ya fara nuna cewa ƙarfin da radiyeshin ya zuba a cikin zinon yana da ƙofar fita fiye da ɗaya. A 1952 Donald Glaser na Jami'ar Mishigan ya ƙirƙiro tukunyar kumfa: ruwa ne da ake riƙewa a gab da tafasa, in ƙwayar radiyeshin ta ratsa sai ƙananan kumfa su jeru a kan sawunta, a ɗauki hoto. An daɗe ana yaɗa cewa kallon kumfar giya a kofi ne ya kawo masa dabarar. Shi da bakinsa ya ƙaryata haka, ya ce dai ya taɓa gwada giyar a matsayin ruwan tukunya daga baya.

A 1956 Glaser da J. L. Brown da Martin Perl suka cika tukunya da ruwan zinon tsantsa, sai ta ƙi nuna sawu ko ɗaya. Da suka zuba kashi biyu cikin ɗari na iskar etilin, nan take sawu ya bayyana. Dalili kuwa, a zinon tsantsa ƙarfin da ya kamata ya koma zafi a wuri guda ya tayar da kumfa yana ficewa ne a matsayin haske. Etilin ɗin ya shaƙe hasken, ya mayar da shi zafi. A wajen Glaser hasken nan cikas ne da ya kamata a kashe. Shekara arba'in bayan haka, shi aka koma nema ruwa a jallo.

Daga Bakli zuwa Mosko, 1968 zuwa 1977

A 1968 Luis Alvarez na Bakli a Kalifoniya ya ba da shawarar a yi na'urorin bin sawun ƙwayoyi da ruwan zinon. Mutanensa sun yi ta ƙoƙarin ruɓanya ilektiron a cikin ruwan kansa, a jikin waya siririya ƙwarai. Sun sami ɗan abin da suka samu, amma bai kai ga na'ura mai ɗorewa ba.

Mafitar ta fito ne daga Tarayyar Sobiyet. A 1970 Boris Dolgoshein da Vadim Lebedenko da Boris Rodionov na wata cibiyar kimiyyar injiniya a Mosko suka nuna cewa ba dole ne a yi ruɓanyawar a cikin ruwa ba. In aka sa jan lantarki mai ƙarfi, ana iya fizgo ilektiron ɗin daga saman ruwan argon zuwa cikin gas ɗin da ke bisansa, a can kuma ruɓanya su abu ne mai sauƙi. Wannan ita ce asalin na'ura mai hawa biyu, ruwa a ƙasa, gas a sama. Ta yi shekaru ba a damu da ita sosai a ƙasashen Yamma ba. Lebedenko daga baya ya koma Landan ya sa hannu a ginin irin wannan na'ura.

A 1974 William Willis da Veljko Radeka suka ƙera ma'aunin ƙarfin ƙwayoyi da faifan ƙarfe jere a cikin ruwan argon. Jikanyar wannan na'ura ce ke cikin gwajin ATLAS na cibiyar CERN a Jeneba, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012. A wannan shekara ta 1974 David Nygren ya fito da dabarar auna zurfin abu ta lokacin da ilektiron ya ɗauka kafin ya iso. A 1977 Carlo Rubbia ya ce a haɗa dabarar da tankin ruwan argon don kama ƙwayar da ake kira niyutirino. Faɗa da baki ya fi aiwatarwa sauƙi: kafin ilektiron ya yi tafiyar mita ɗaya da rabi a cikin ruwan, sai an rage oksijin zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan. Na'urar ICARUS mai tan 760 ba ta fara aiki a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya ba sai 2010, shekara 33 bayan shawarar.

Abin da aka auna a Tokyo

Masu rubuta tarihin wannan fanni sun fi ambaton manyan na'urori da manyan sunaye. A ganina aikin da ya fi zama ginshiƙi an yi shi ne a ƙananan kwalabe a jami'o'in Tokyo, a hannun Tadayoshi Doke na Waseda da Shinzou Kubota na Rikkyo da abokan aikinsu. Tsakanin 1974 da 1975 sun auna yawan ƙarfin da ake kashewa kafin a fizge ilektiron guda: ilektiron-bolt 23.6 a ruwan argon, 15.6 a ruwan zinon. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sun warware yadda hasken yake samuwa.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar radiyeshin in ta ratsa ruwan, ɗayan biyu take yi wa ƙwayar zarra: ko ta zuga ta kawai, ko ta fizge mata ilektiron. Wadda aka zuga takan maƙale da maƙwabciyarta su zama tagwaye na ɗan ƙanƙanen lokaci, sannan su rabu su saki ɗigon haske guda. Hasken ya wuce ganin ido, tsawon zangonsa nanomita 128 a argon, kimanin 175 a zinon. Da yake daga tagwayen ya fito, sauran ƙwayoyin da ke zaman kansu ba sa iya haɗiye shi, sai ya ratsa ruwan ya isa kwalaben da ke jira. Ilektiron ɗin da aka fizge kuma, in an bar shi, yakan koma ya faɗa hannun wata ƙwaya da ta rasa nata, wannan haɗuwa ita ma ta ƙare da irin wancan haske. In kuwa an sa jan lantarki, wasu ilektiron ɗin sukan kuɓuce a tara su a matsayin caji, hasken ya ragu daidai yawan waɗanda suka kuɓuce. Kamar mudun hatsi ɗaya ne ake rabawa a ƙwarya biyu: abin da ya ƙaru a wannan, daga waccan aka ɗebo.

Yadda rabon ke kasancewa ya danganta ga irin abin da ya ratsa. Ilektiron mai gudu, wanda radiyeshin gama ko beta ke haifarwa, yana barin sawu a warwatse, don haka da yawa suna kuɓucewa. Cibiyar zarra da aka bangaje kuwa tana barin gajeren sawu a cunkushe, cajinta kaɗan ne in an gwada da haskenta, kuma mafi yawan ƙarfinta ma a zafi yake salwanta, kamar yadda Jens Lindhard na Denmak ya lissafa tun 1963. Masana sun daɗe suna neman lissafin komawar ilektiron: George Jaffé a 1913, Lars Onsager a 1938, J. Thomas da D. A. Imel a 1987. Kowane lissafi yana aiki a wani yanki ya gaza a wani, shi ya sa tun 2011 masu bincike suka fi dogara ga manhajar NEST, wadda ta tattara sakamakon gwaje-gwaje ta daidaita lissafin a kansu.

Mutanen Tokyo sun auna wani abu kuma. Tagwayen nan iri biyu ne, masu saurin rabuwa da masu jinkiri. A zinon tazarar ba ta da yawa, kimanin nanosakan 4 da ashirin da 'yan kai. A argon kuwa nanosakan 6 ne da kimanin 1,600, kuma cibiyar da aka bangaje ta fi haifar da masu sauri. Saboda haka a argon siffar walƙiyar kaɗai ta isa ta nuna abin da ya haddasa ta.

Haɗa ƙwarya biyu, 1997 zuwa 2003

An daɗe ana mamakin wani abu. Bisa lissafi, ya kamata ruwan zinon ya auna ƙarfin radiyeshin daidai wa daida, amma a aikace awon cajinsa yana tangal-tangal. A 1997 Aleksey Bolotnikov da Brian Ramsey suka riƙa matse iskar zinon suna ƙara mata kauri suna aunawa. Awon ya yi kyau har kaurin ya kai wajen giram 0.55 a kowane santimita kiyubik. Daga nan ya fara lalacewa. In ƙwayoyi suka matsu, yawan ilektiron ɗin da ke komawa yakan bambanta sosai daga wannan karo zuwa wancan. A 2003 Enrico Conti da abokan aikinsa a shirin EXO na Stanford suka auna haske da caji tare a kowane karo, suka ga duk sanda caji ya gaza, haske ya ƙaru. Da aka haɗa su biyun, awon ya gyaru ƙwarai. Wasu kuma suka zaɓi tsayawa a ƙasa da wancan kauri: gwajin NEXT da ke ramin Canfranc a Sifen yana amfani da iskar zinon matsattsiya, ba ruwa.

Farauta a ƙarƙashin ƙasa

Abin da ya kawo kuɗi da jama'a cikin wannan fanni daga sararin samaniya ya zo. Tun 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa gungun taurari suna motsi kamar akwai wani ɓoyayyen nauyi da ke jan su, awon Vera Rubin da Kent Ford a shekarun 1970 ya ƙarfafa zancen. A 1985 Mark Goodman da Edward Witten suka nuna cewa in ƙwayoyi ne wannan nauyi, to jefi-jefi ɗaya za ta bangaji cibiyar zarra a nan duniya. Matsalar ita ce radiyeshin na yau da kullum, daga duwatsu da ƙarfe da sama, ya ninka irin wannan karo sau miliyoyi. Sai an shiga ƙarƙashin ƙasa, sai kuma an sami na'urar da za ta bambance bugun cibiya da bugun ilektiron.

Na'ura mai hawa biyu ta dace da wannan aiki. Karo ya faru a cikin ruwa, walƙiya ta farko ta tashi nan take. Ilektiron ɗin da suka kuɓuce su hauro sama da gudun milimita ɗaya zuwa biyu a kowane kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, a fizge su zuwa cikin gas, su haifar da walƙiya ta biyu mai girma, har ilektiron guda ana iya ganinsa. Tazarar lokaci tsakanin walƙiyar biyu ta ba da zurfi, kwalaben sama su nuna gefen da abin ya faru, girman ta biyu a kan ta farko kuma ya tace fiye da kashi 99 cikin ɗari na bugun ilektiron. Tun da an san wurin, ana watsar da duk abin da ya faru kusa da bango a riƙe na tsakiya, inda zinon ɗin waje ya zama garkuwa.

A 2007 ZEPLIN-II da ke mahaƙar Boulby a Ingila da XENON10 da ke Gran Sasso, ƙarƙashin jagorancin Elena Aprile ta Jami'ar Kolombiya, suka fitar da sakamako. XENON10 mai kilo 15 kacal ta sha gaban na'urorin jamaniyam da suka daɗe suna jan ragama. Daga nan aka shiga tseren girma: LUX mai kilo 370 a tsohuwar mahaƙar zinari ta Homestake a Dakota ta Kudu a 2013, XENON1T mai tan 3.2 a 2016, PandaX a ramin Jinping na ƙasar Sin ƙarƙashin mita 2,400 na dutse, sannan XENONnT da LZ, mai tan 7 a cikin tukunyarta, wadda ta fitar da sakamakon farko a Yulin 2022. Wahalar ta koma tsabta: tace kiriftan-85, wanda masana'antun nukiliya suka watsa cikin iska, da korar radon da ke tsatsowa daga jikin kayan na'urar.

Masu argon sun bi tasu hanyar. Argon yana da araha, amma na iska yana ɗauke da argon-39 mai fitar da radiyeshin, kimanin bugu ɗaya a kowane sakan a kowane kilo. Shirin DarkSide-50 ya samo argon daga rijiyoyin gas na ƙarƙashin ƙasa a Kolorado, inda argon-39 ya ragu kimanin sau 1,400. A fagen niyutirino kuma ana gina DUNE a Homestake, da tankuna masu ɗaukar tan 17,000 kowanne, don tarbar niyutirino daga Fermilab mai nisan kilomita 1,300.

Har yanzu ba a kama ɓoyayyen nauyin ba. An dai kama wasu abubuwan a hanya. A 2011 EXO-200 ta fara ganin wani nau'in ruɓewa mai matuƙar wuya na zinon-136. A 2019 XENON1T ta ga na zinon-124, ta ƙiyasta rabin rayuwarsa da shekaru 18 da sifiri 21 a baya, kimanin sau tiriliyan na shekarun sararin samaniya. A 2020 ita dai wannan na'ura ta ga bugu 285 a inda ake sa ran 232, aka yi ta rubuce-rubuce a kan sabuwar ƙwaya, ko da yake masu gwajin sun ce ɗan gurɓatar tiritiyam ma zai iya kawo haka. XENONnT ta sake dubawa a 2022 ba ta ga komai ba. A 2024 XENONnT da PandaX-4T suka ba da alamun farko na niyutirino daga rana yana bangazar cibiyar zinon, bugun da yake kama da wanda ake farauta, wanda kuma ba dutsen da zai tare shi.

Irin waɗannan bugu ƙanana ne ainun, ɗigon haske biyu ko uku da 'yan ilektiron, don haka fassara su ta dogara kacokan ga sanin yawan haske da cajin da kowane ɗan ƙarfi ke bayarwa. A nan kuwa akwai sauran aiki. Tun 2009 akasarin masu bincike suna amfani da ilektiron-bolt 13.7 a matsayin kuɗin samar da ɗigon haske ko ilektiron guda a ruwan zinon, bisa awon Eric Dahl. A 2020 EXO-200 ta auna ta sami 11.5, a 2021 ƙungiyar Laura Baudis a Jami'ar Zurik ta sake samun 11.5 da wata na'ura dabam. Bambancin ya kai kimanin kashi 16 cikin ɗari, kuma ƙungiyoyin XENON da LZ, waɗanda suka haɗu a shirin XLZD don gina na'ura mai zinon tan gommai, suna ci gaba da gwaje-gwajen awo a ƙananan tukwane kafin babbar ta tashi.